Yadda mai kasuwanci zai tallafa wa unguwarsa ba tare da ya taɓa jari ba

Mai shago ko mai masana'anta ba ya rasa masu neman taimako. Yau wasiƙar makaranta, gobe 'yan ƙwallon unguwa na neman riguna, jibi wani ya shigo da takardar asibiti a hannu. Yawanci hannu ake sawa a aljihun teburin ciniki a bayar, gwargwadon yadda aka tashi ranar. Shekara ta ƙare, kuɗi sun fita da yawa, amma in aka ce a nuna abu ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa, babu. Maganin wannan shi ne tallafin ya samu gurbinsa a littafin lissafi, kamar kuɗin haya da albashi.

Dalilin yin sa ba ya buƙatar dogon bayani. Masu sayen kayanka a unguwar suke, ma'aikatanka daga nan suka fito, kuma hanyar da motar kayanka take bi ta kowa ce. In aljihun mutanen wurin ya bushe, kai ne farkon wanda zai gani a ciniki. In gobara ta tashi da tsakar dare, maƙwabta ne ke fara zuwa da bokiti kafin 'yan kwana-kwana su iso.

Fara da yanke adadi, a rubuce, tun farkon shekara. Akwai ma'aunin da za a iya dubawa. A Indiya, dokar kamfanoni ta 2013 ta wajabta wa manyan kamfanoni kashe kashi 2 cikin 100 na matsakaicin ribarsu ta shekara uku da suka wuce a kan ayyukan al'umma. Kamfanin Salesforce na Amurka ya yi suna da tsarin ba da kashi 1 na hannun jarinsa, kashi 1 na hajarsa da kashi 1 na lokacin ma'aikatansa. Kamfanin tufafi na Patagonia kuwa kashi 1 na ciniki yake bayarwa don kare muhalli tun 1985.

A nan ne mutane ke yin tuntuɓe, domin kashi 1 na ciniki da kashi 1 na riba ba abu ɗaya ba ne. In a kowane 100 da ka sayar 10 ce ribarka, to kashi 1 na ciniki ya cinye kashi 10 na ribar. Mai ƙaramar riba, irin mai sayar da kayan masarufi, daga riba ya kamata ya lissafa, bayan an fitar da albashi, haya, haraji da biyan bashi. Ka cire kuɗin duk ƙarshen wata ka zuba a asusu na daban. Muddin suna haɗe da kuɗin saro kaya, ko dai ka ci jari ba ka sani ba, ko kuma ka riƙa ɗage alkawari duk lokacin da kasuwa ta yi sanyi.

Raba wannan asusun kashi biyu. Kashi 70 zuwa 80 ya tafi ga aiki guda ɗaya da za ka riƙe aƙalla shekara uku, sauran ya zauna don larurar gaggawa. Amfanin wannan rabon shi ne yana ba ka bakin cewa a'a ba tare da ɓacin rai ba: “Na wannan watan ya ƙare, a dawo farkon wata.”

Kafin ka zaɓi aikin, tambayi waɗanda abin ya shafa, kuma kada ka tsaya ga masu faɗa-a-ji kaɗai. Shugaban makaranta zai iya cewa fenti yake so saboda baƙi, alhali malamar aji ɗaya ta san yara a ƙasa suke zama, banɗaki kuma ba ƙofa. Je ka gani da idonka, a ranar aiki, ba tare da sanarwa ba.

Ba kuɗi kaɗai ake bayarwa ba, kuma sau da yawa abin da ka iya ya fi kuɗinka amfani. Ma'aikacin da ke yin awa 40 a mako yana yin kusan awa 2,000 a shekara, kashi 1 ɗinsa awa 20 ke nan, wato kwana biyu da rabi. Akawunka zai iya gyara wa ƙungiyar unguwa littafin kuɗinta a cikin wannan lokacin, mai gyaran wutarka ya duba wayoyin ƙaramin asibiti. Ɗaukar yara biyu koyon sana'a ma tallafi ne, da sharaɗin a rubuta tsawon lokaci, abin da za a koya musu, da ɗan abin da za a riƙa ba su. In ba haka ba, an samu ma'aikatan banza ne kawai aka canza musu suna. Haka nan sayen kaya wurin ƙananan masu sana'a na kusa da biyan su a kan lokaci. Wanda ke riƙe wa tela kuɗinsa wata uku, sannan ya kira masu hoto yana raba kyauta, kowa a unguwa ya san lissafin.

Abin da ya fi kashe irin waɗannan ayyuka shi ne rashin tanadin gyara. A haƙa rijiyar burtsatse, a kafa allo da sunan kamfani, bayan wata takwas roba ɗaya ta cinye a cikin famfo, shi ke nan an koma gidan jiya. Kowa na jiran mai allo ya zo ya gyara. Tun kafin a sa harsashi, a yi takardar shafi ɗaya: wa ya mallaki abin, wa ke riƙe da makulli, wane makaniki za a kira, daga ina kuɗin gyara za su fito. Ka ware wajen kashi ɗaya cikin biyar na kuɗin aikin don wannan, ka kuma zaɓi na'urar da ake samun kayan gyaranta a kusa. Kwamfuta goma a ajin da ba wuta ƙura kawai za su sha.

Kayan kyauta ma suna da nasu tarko. Kada ka kwashe abin da ya kusa lalacewa a sito ka kira shi sadaka, musamman magani da abinci. Duba ranar ƙarewarsu. Kuma in za ka raba kayan makaranta, saye su wurin masu sayarwa a unguwar, don kada kyautarka ta kashe musu kasuwar shekara.

Biya kai tsaye inda ya yiwu: kuɗin makaranta a asusun makarantar, na magani a hannun asibitin, ka karɓi rasit. A ƙasashe da yawa ana rage haraji a kan gudummawa, amma galibi sai wadda aka ba ƙungiya mai rajista, don haka tambayi akanta kafin ka bayar, ba bayan ka bayar ba. Batun talla kuwa, sunanka a jikin rigar 'yan ƙwallo ba laifi. Hoton fuskar mabuƙaci yana karɓar kaya, wannan a bar shi.

Duk wata shida ka zauna da mutanen ka ƙirga abin da ake iya ƙirgawa: yara nawa ne har yanzu ke aji, kwana nawa famfo ya yi ba ya aiki. In kasuwa ta juya har ba za ka iya ci gaba ba, faɗa musu wata uku zuwa shida kafin ka janye, ka kuma biya wa duk ɗalibin da ka ɗauka kuɗin shekarar da ya riga ya fara.