Darasi na 11: Faifan Rulet Ba Adashi Ba Ne

Kalmomin karatu: faifai, gurbi, sifili, ninki, jari, asara.

Wata tambaya ce ta jawo darasin yau. Wani dattijo a ajinmu na yamma, mai sayar da kayan gwari, ya tsaya bayan an tashi ya ce, "Malam, yaron wajena ya ce ya gano lagon wata caca a waya. Wai idan yana ninka kuɗi duk lokacin da aka cinye shi, ba yadda za a yi ya faɗi. Na yi masa nasiha, ya ce ai ya sani. Ko akwai yadda zan nuna masa da alƙalami?"

Akwai kuwa. Hukuncin caca a addini sananne ne, yana cikin Suratul Baƙara aya ta 219 da Suratul Ma'ida aya ta 90 da ta 91, kuma wannan fagen malamai ne. Namu a nan ƙidaya ce. Ku fito da littafi da fensir.

Yadda faifan yake

Cacar da yaron yake yi sunanta rulet. Kalmar Faransanci ce, ma'anarta 'yar ƙaramar ƙafa mai juyawa, irin ta keke. A Faransa wasan ya samu siffarsa a ƙarni na 18, ya yi suna a gidan caca na Monte Karlo da ke ƙasar Monako, sannan a Las Begas ta Amurka. Yanzu waya ta shigar da shi aljihun mutanen da ba su taɓa ganin teburinsa ba.

Faifai ne mai gurabe a kewayensa, kamar guraben dara. Ana juya shi, a jefa 'yar ƙwallo, ta yi ta zagayawa har ta faɗa gurbi ɗaya. Faifan Turai yana da gurbi 37, daga 0 zuwa 36. Guda 18 ja ne, 18 baƙi, saura ɗaya kore, shi ne sifili. Faifan Amurka yana da 38, saboda an ƙara masa wani koren mai sifili biyu, 00.

Mutum yana iya zuba kuɗinsa a kan lamba ɗaya. Idan ta fito, a ba shi ninki 35, a mayar masa da abin da ya zuba. Yana iya zubawa a kan launi, ja ko baƙi. Idan ya dace, naira 100 ta jawo masa wata 100.

Inda mai gida yake cin abincinsa

A ce kana da naira 3,700, ka ce yau ba za a cinye ka ba, ka ɗora naira 100 a kan kowace lamba, duk 37 ɗin. Dole ɗaya ta fito. Za a ba ka 3,500, a haɗa maka da 100 ɗinka.

3,500 + 100 = 3,600
3,700 − 3,600 = 100

Ka ci, amma ka tashi da giɓin naira 100. Da gaskiya ake biya, ninki 36 ya kamata a ba ka, sai aka ba ka 35. Wannan ɗan bambancin shi ne gonar mai gidan caca. Naira 100 cikin 3,700 ita ce kashi 2.7 cikin ɗari, wato naira 2 da kobo 70 a kowace ɗari. A faifan Amurka za ka zuba 3,800 a dawo maka da 3,600, giɓin ya zama 200, kashi 5.26 cikin ɗari ke nan.

Haka abin yake ga mai bin launi. Mutane suna cewa rabi da rabi ne, amma ba haka ba ne. Wanda ya zaɓi ja yana da gurbi 18, gurbi 19 kuma ba nasa ba ne, domin idan sifili ya fito, da mai ja da mai baƙi duk an bar su a baya.

Wani zai ce naira 2 da kobo 70 ai ba kuɗi ba ne. To ba a kan jarin da ka zo da shi ake cire ta ba, a kan duk abin da ka ɗora ne, sau nawa ka ɗora. Mai naira 5,000 da yake zuba 500 a kowane juyi, ya ci ya mayar, a ci shi ya ƙara, idan ya kai juyi 200 ya ɗora naira 100,000 ke nan a jimlace. Rabon mai gida a ciki, a matsakaicin lissafi, naira 2,700 ne. Fiye da rabin jarinsa ya tafi, ba tare da an yi masa wata rashin sa'a ta musamman ba.

Aikin aji: ƙwarya da takardu

A yanka takardu 37 masu girma ɗaya. Kowa ya taya rubuta lambobin, daga 0 zuwa 36. A sa harafin J a jikin waɗannan, su ne jajaye a faifan gaske: 1, 3, 5, 7, 9, 12, 14, 16, 18, 19, 21, 23, 25, 27, 30, 32, 34, 36. Sauran a sa musu B, ban da sifili. A naɗe su, a zuba a ƙwarya. Mutum ɗaya ya rufe ido ya zaro, a rubuta a allo, a mayar da takardar, a girgiza. A yi haka sau 100. Ba a sa ko kobo a wannan aikin.

Ranar da muka gwada a ajinmu, B ta fito sau shida a jere. Aji ya kaure. Wata baiwar Allah mai tuyar ƙosai, wadda ta fi kowa saurin lissafin baki, ta ce, "Malam, yanzu kam dole ja ya zo, ya daɗe bai fito ba." Na ajiye ƙwaryar a gabanta na ce, "Hajiya, zazzage ki ƙirga mana." Ta zazzage a tabarma, ta ware su kashi-kashi. Ja 18, baƙi 18, sifili ɗaya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Au, ashe mayarwa muke yi."

Duk darasin yana cikin maganar nan tata. Mun saba da adashi, shi ya sa zuciya take ruɗarmu. A adashin mutum goma, idan mutum shida sun kwasa, saura huɗu, kuma kina cikinsu. Duk wadda ta kwasa ta fita daga layi, don haka naki yana matsowa, uwar adashi kuma tana da littafin da ta rubuta wa ya ɗauka, wa bai ɗauka ba. Faifan rulet ba shi da littafi. Gurbin da ƙwallo ta faɗa ɗazu yana nan a buɗe, bai fita daga layi ba. Ko baƙi ya fito sau ashirin, damar ja a juyi na gaba tana nan 18 cikin 37, ba ta ƙaru da ko ƙwayar gero ba. Irin wannan ne idan mace ta haifi 'ya'ya mata biyar a jere, 'yan barka su ce na gaba namiji ne ba makawa. Wani lokaci ya zo namiji, wani lokaci a sake raɗa sunan mace.

Masu cewa "baƙi ya ɗau zafi, a bi shi" su ma jirgi ɗaya ne ya kwaso su da masu jiran ja. Duka biyun suna zaton faifan yana tuna abin da ya wuce.

A daren 18 ga Agusta, 1913, a gidan cacar Monte Karlo, baƙi ya fito sau 26 a jere a tebur ɗaya. Da jerin ya fara tsawo, mutane suka yi dafifi suna tula kuɗi a kan ja, kowa yana cewa yanzu kam lokacinsa ya yi. Miliyoyin kuɗin Faransa suka salwanta a daren. Gaskiya ne irin wannan jerin abu ne mai wuyar gani, damarsa ba ta kai ɗaya cikin miliyan 60 ba idan tun farko aka ce a yi hasashensa. Amma bayan 25 sun riga sun wuce, na 26 juyi ne kamar kowane juyi.

Za ku ce, to ba an ce idan aka daɗe ana juyawa ja da baƙi suna zuwa kusan daidai ba? Haka ne, sai dai ba biyan bashi ake yi ba. A ce baƙi ya wuce ja da 10. Aka ƙara juyi 3,700, kowane launi ya samu wajen 1,800. Yanzu baƙi 1,810, ja 1,800. Goman tana nan ba wanda ya biya ta, ta dai ɓace ne a cikin yawa, kamar cokalin gishiri a randa.

Wani abin lura: gidajen caca da manhajojin waya su da kansu suke nuna maka jerin lambobin da suka fito a baya, har da waɗanda suke kira masu zafi da masu sanyi. Da jerin nan yana taimakon ɗan caca, kuna ganin mai gida zai kafa masa allonsa kyauta?

Dabarar ninki

Yanzu mu zo kan lagon da yaron ya ce ya gano. Tsohuwar dabara ce, tun a Faransa ta ƙarni na 18 ake yin ta, sunanta martingal. Ka zuba 100 a kan ja. Aka ci ka, ka zuba 200. Aka sake ci, 400. Duk ranar da ja ya fito, ka mayar da asararka har da ribar 100. A baki tana da daɗi, kuma abin da ya sa take kama mutane shi ne yawancin lokaci tana ci. Mu rubuta ta mu gani:

Juyi na 1: 100
Juyi na 2: 200
Juyi na 3: 400
Juyi na 4: 800
Juyi na 5: 1,600
Juyi na 6: 3,200
Juyi na 7: 6,400

Ku tara. Jimla 12,700. Idan aka ci shi sau bakwai a jere, abin da ya tafi ke nan, kuma yana bukatar 12,800 a juyi na 8, duk don neman ribar naira 100.

Sau nawa ake cin mutum bakwai a jere? Kusan sau ɗaya a kowane zagaye 106, zagaye kuwa shi ne daga fara zuba 100 har ja ya fito ko jari ya ƙare. Ga yadda littafin yaron zai kasance idan jarinsa 12,700 ne. Zagaye 105 ya ci ɗari-ɗari, ya tara 10,500. A kwanakin nan ne yake yawo yana cewa ya gano lago, har yana koya wa abokai. Zagaye ɗaya kuma ya zubar da 12,700.

12,700 − 10,500 = 2,200

Kuma ba wanda ya yi masa alkawarin cewa mugun zagayen sai a ƙarshe zai zo. Yana iya zuwa ranar farko.

Mai jari babba jinkiri kawai yake saya. Idan aka ci shi sau goma a jere, 102,300 ta tafi, ana neman 102,400. Wanda ya fara da naira 100 a kan ja a irin daren Monte Karlo, kafin jan ya fito ya zubar da sama da naira biliyan 6 da miliyan 700. Ko yana da su ma ba za a bar shi ba, domin kowane tebur yana da iyakar abin da ake karɓa a juyi ɗaya. Da ka kai iyakar, ninki ya tsaya, asara ta zauna.

Akwai wasu dabarun: mai ƙara ɗaya idan an ci shi ya rage ɗaya idan ya ci, mai ninkawa idan ya ci, mai bin jerin lambobi a takarda. Ba sai mun bi su ɗaya-ɗaya ba. Kowace naira 100 da ta hau teburin, ko ta wace dabara ta hau, naira 2 da kobo 70 ɗin nan tana jikinta. Buhun da kowane mudu aka auna shi da tauye, ko ta yaya ka jera mudun ba zai cika ba. Masu tallar "sirrin rulet" a Facebook da WhatsApp kuwa, abin tambaya ɗaya ne: mai sirrin da ke haƙo kuɗi, me zai yi da naira dubu biyunka?

Za ku iya jin labarin waɗanda suka ci gidan caca, kuma wasu gaskiya ne. A ƙarshen ƙarni na 19 wani Bature ɗan Ingila, Joseph Jagger, wanda ya san aikin injin masaƙa, ya sa aka riƙa rubuta masa lambobin da ke fitowa a Monte Karlo, har ya gano wani faifai da ya karkace yana fifita wasu gurabe. Ya kwashi kuɗi masu yawa. Amma aibin katako da ƙarfe ya kama, kuma da masu gidan suka farga suka sauya wa faifan wuri, suka gyara, kasuwarsa ta watse. Rulet ɗin da kwamfuta ke fitar wa lamba a waya ba shi da katakon da zai karkace.

Aikin gida

1. Karanta da ƙarfi, sannan ka kwafa a littafinka: Faifan Turai yana da gurbi 37. Ja 18, baƙi 18, kore 1.

2. Wani tela ya ɗora naira 200 a kan kowace lamba a faifan Turai. Nawa ya zuba? Nawa aka dawo masa da shi? Nawa ne giɓin?

3. Wani ɗan acaɓa ya fara ninki da naira 500, jarinsa 30,000. Sau nawa za a ci shi a jere kafin ya kasa ninkawa? Nawa zai rage a hannunsa?

4. A adashin mutum 12, mutum 9 sun kwasa, ana zaro suna daga ƙwarya ba a mayarwa. Mene ne damarki a zarowa ta gaba? Da ana mayar da sunayen, da mene ne damarki?

5. Ka yi aikin ƙwarya a gida tare da matasan gidanku. Kafin a fara, kowa ya faɗi sau nawa yake zaton launi ɗaya zai iya fitowa a jere cikin zarowa 100. A rubuta abin da kowa ya ce, a rubuta abin da ya fito, a zo da takardar mako mai zuwa.