Darasi na 9: Wasa Bakin Silinda da Tof

Injin da iska ke sanyayawa ba shi da lagireto, ba a zuba masa ruwa. Irinsa ne a tsohuwar Volkswagen Beetle da Kombi, waɗanda aka riƙa haɗawa a Legas tun 1975. Har yau akan ci karo da su a garejin Sabon Gari da Tudun Wada.

Wannan injin yana da silinda 4, kowace ana cire ta daban. Tof 2 gare shi, kowanne yana rufe silinda 2. Tsakanin silinda da tof babu gaskit. Ƙarfe ne ke zama a kan ƙarfe. Silinda baƙin ƙarfe ce, tof kuwa alminiyom ne mai laushi. In bakinsu bai haɗu ba, wuta za ta riƙa fita ta nan. Mota ta rasa ƙarfi, ka ji tana "fit-fit" a hawa, ka kuma ga baƙin hayaƙi ya yi zane a gefen tof. Maganinsa shi ne a wasa su, wato a goga bakin silinda da ramin tof har su haɗu daidai.

Babur ɗin acaɓa yana da gaskit, don haka ba shi ake nufi ba.

Tanadi man nan mai yashi-yashi da ake wasa bawul da shi, da kananzir, da tsumma mai tsabta, da maka, wato alƙalamin nan mai tawada. Fara da rubuta lamba a jikin kowace silinda: 1, 2, 3, 4. Rubuta irinta a gefen ramin da za ta zauna a tof. Wadda aka wasa da rami na 3, a rami na 3 za ta zauna, ba ta canza ɗaki.

Kifa tof a kan benci, ramukan suna kallon sama. Lakato man kaɗan da yatsa, ka shafa a bakin silinda kawai. Kada ka cika. Masu gaggawa kan lafta shi, ya zubo ciki, aiki ya ƙaru. Ɗora silindar a raminta, ka riƙe da hannu biyu, ka murza dama, ka murza hagu. Ba a dannawa da ƙarfi, nauyinta ya kusa isa. Bayan ɗan lokaci ɗaga ta, ka juya ta kwata, ka ci gaba. Saurara da kyau. Da farko za ka ji ƙaras-ƙaras, can sai ƙarar ta yi laushi.

Goge duka biyu ka duba a haske. Abin da kake nema zobe ne mai launin toka, wanda ya zagaye ramin bai yanke ba. Inda ya yanke, nan wuta za ta bi. In idonka bai gamsu ba, shafe wurin da maka, ka murza sau ɗaya ba mai. Inda tawada ta rage, ƙarfe bai taɓa ba.

Da zobe ya cika, tsaya. Alminiyom yana saurin ciyuwa, kuma in rami ɗaya ya fi ɗan'uwansa zurfi, tof zai zauna a karkace. In wuta ta riga ta ci wurin ya yi kwari, wasa ba zai gyara ba. Kai wa masu injin yankan ƙarfe su daidaita ramukan biyu.

Wanki ya fi wasan muhimmanci. Ƙwayar yashin nan ɗaya tana iya karce fistin da ringi. Wanke da kananzir, ka sake da ruwan sabulu, ka busar, ka shafa man inji a cikin silinda don tsatsa. In lokacin hunturu ne, rufe kayan da leda, ƙurar Zariya ba ta jira.

Wajen ɗaure tof, bi notuna a giciye, kaɗan-kaɗan, da sifana mai awo. Sannan ka saita bawul a 0.15 na milimita, inji yana sanyi.