Furfura ba ta sallama: yadda ake shirya wa tsufa a kowane zangon shekaru

Ka tambayi mutum huɗu shekarunsu a gidan biki a Gangare ko Unguwar Rogo a Jos, za ka ga fuska huɗu. 'Yar shekara 27 za ta yi murmushi ta kau da kai, don gwaggonninta sun ishe ta da "yaushe za mu sha biki?" Magidanci ɗan 45 zai ce "ai an kwana biyu", yana shafa gemun da ya sha rini. Ma'aikaci ɗan 58 ya san adadin watannin da suka rage masa a ofis kamar yadda ya san sunayen 'ya'yansa. Ita kuwa tsohuwa mai 75 ko a jikinta, ƙila ma ta ƙara biyar a kai, ta ce da idonta ta ga Turawan kuza.

Kowa da abin da ke firgita shi, amma sau da yawa ba abin da ake tsoron ne ke yin ɓarnar ba. Matashi na tsoron lissafin shekaru, alhali takardunsa ne za su ba shi wahala. Mai arba'in na faɗa da furfura, jininsa na hawa bai sani ba.

Ashirin zuwa talatin da biyar

Damuwar wannan zango ita ce "sa'o'ina sun wuce ni". Wane ya yi aure, wance ta haihu, tallan aiki ya ce kada a wuce shekara kaza, kuma wanda ya haura 30 kafin ya gama jami'a takardar sahalewa ake ba shi maimakon bautar ƙasa. Daga nan ake faɗawa cikin rage shekaru a takardar rantsuwa ta kotu. Kada ka yi. Ranar haihuwarka tana cikin NIN, da BVN, da takardun makaranta, da fayil ɗin ofis, da asusun fansho. Ranar da ɗaya ya saɓa wa sauran, biyan haƙƙinka na iya tsayawa har sai an gyara, kuma gyaran yakan faɗo ne lokacin da ba ka da ƙarfin zirga-zirga. Wanda ya zabtare shekara shida kuma, jikinsa zai yi ritaya takarda ba ta yarda ba.

Ka baza takardunka duka a kan tabarma rana guda, ka duba abu uku: ranar haihuwa, jerin sunaye, da yadda aka rubuta kowane suna. Muhammad a nan, Mohammed a can, ya isa ya jawo maka yawo. In akwai saɓani, fara gyara daga NIN, sauran su biyo baya.

Sai ajiya. Dokar fansho ta 2014 ta ce ma'aikaci ya sa aƙalla kashi 8 cikin 100 na albashinsa, wanda ya ɗauke shi aiki ya sa kashi 10. Kada ka tsaya ga ganin an cire a takardar albashi. Duba saƙon kamfanin fanshonka ka tabbatar kuɗin sun shiga, don akwai wuraren da ake cirewa ba a turawa. Tela, direba, mai kayan miya a Farin Gada, su ma hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ta buɗe musu ƙaramin tsarin fansho tun 2019, ana zubawa kamar adashi, gwargwadon hali.

Arba'in zuwa hamsin da biyar

Nan ne jiki ke fara aiko da saƙo. Alamar farko da kowa ya sani: mutum ya riƙe waya yana nisanta ta da fuska, yana ƙanƙance ido, yana cewa rubutun ne ya yi ƙanana. Ba rubutun ba ne. Idon ne ya rage iya ganin na kusa, abin da ke samun kusan kowa bayan 40, kuma tabarau na karatu na maganinsa. Sai dai kafin ka saye shi a tire a kasuwar Taminus, ka je a auna maka ido sau ɗaya, har da ƙarfin ruwan cikinsa, domin hawan jinin ido yana cinye gani daga gefe-gefe ba tare da ciwo ba, kuma abin da ya tafi ba ya dawowa.

Babban aikin wannan zango shi ne awon hawan jini, kuma mutane da yawa ba sa yinsa daidai. Kada ka ci goro, ko ka sha kofi ko taba, rabin awa kafin awo. Ka yi fitsari tukuna. Zauna a kujera mai majingina na minti 5, ƙafafu a ƙasa ba a harɗe ba, hannu a kan tebur daidai ƙirji, baki shiru. A auna sau biyu, da tazarar minti ɗaya ko biyu, a rubuta a littafi da kwanan wata. Mai ƙiba ya lura da maɗaurin hannun: in ya yi masa kaɗan, na'urar za ta nuna fiye da gaskiya. Idan a ranaku biyu daban aka samu 140/90 ko sama, magana ta koma wajen likita.

Inda ake yin kuskure shi ne bayan an fara shan magani. Mutum ya sha wata guda, ya auna ya ga jini ya sauka, ya ce ya warke, ya ajiye. Maganin ne ya saukar da shi, ana ajiyewa zai koma. Wasu labaran "lafiyarsa ƙalau ya faɗi a banɗaki" haka suke farawa. Kuskure na biyu shi ne ƙwayoyin ciwon jiki irin su diclofenac da ibuprofen da ake sha kullum saboda gwiwa da baya: suna ɗaga jini, suna cin ciki, suna lalata ƙoda. Gishiri kuma, abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙayyade bai kai giram 5 a rana ba, wato kamar ƙaramin cokalin shayi, kuma ɗunƙulen miya da yajin tsire duk suna cikin lissafin.

Suga ana auna shi da safe kafin a karya. In ya kai 126 a ma'aunin mg/dl, a maimaita a wata rana don tabbatarwa. Mai shan maganin suga ya ga likita tun cikin Sha'aban, kada ya jira sai ya faɗi ana saura awa ɗaya a sha ruwa.

Mata suna da nasu. Ɗaukewar al'ada galibi tana zuwa tsakanin 45 da 55, da zafin jiki mai tasowa farat ɗaya, gumin dare ko da a sanyin Jos, rashin barci, saurin fushi. Ba sammu ba ne, ba kuma baƙin hali ba ne, kuma ya kamata maigida ya san haka kafin ya fara ƙorafi. Ƙa'ida ɗaya da ba a wasa da ita: in an yi wata 12 ba al'ada sannan jini ya dawo, ko ɗigo ne, a tafi asibiti. Namiji da ya haura 50 yana tashi fitsari sau uku ko huɗu a dare, ko fitsarin na fita da ƙyar, shi ma ya ajiye kunya ya je a duba shi.

Shekara biyar kafin ritaya

Ma'aikacin gwamnati na ajiye aiki a shekara 60 ko bayan shekara 35 yana aiki, duk wanda ya riga zuwa. Malaman makaranta dokar 2022 ta kai su 65 ko shekara 40 na aiki, farfesoshi kuma 70. Tsoron wannan zango ba na kuɗi kaɗai ba ne. Mutum ya saba ana tashi in ya shigo, sai ga shi wayarsa ta wuni ba ta yi ƙara ba.

Kuɗin sallama ba jarin koyon sana'a ba ne. A Jos, tunanin farko shi ne kiwon kaji ko noman dankalin Turawa. Sai a gina ɗaki, a zuba 'yan tsaki dubu, a manta cewa kazar ƙwai sai ta yi kusan wata biyar tana ci ba ta ba da komai ba, kuma abinci ne ke lashe mafi yawan kuɗin kiwo. Kafin ƙwan farko jari ya ƙare. Mai niyyar kiwo ya fara da kaza 50 ko 100 tun yana karɓar albashi, ya yi asararsa ta koyo a lokacin da zai iya ɗauka. Haka mai niyyar gona ya yi damina biyu tukuna a ƙaramin fili.

A cikin waɗannan shekaru ne kuma ake sabunta bayanai a kamfanin fansho, a gyara sunan magaji, a rubuta bashin da ake bin ka da wanda kake bi, a sa shaidu. Rubuta wasiyya ba ya kiran ajali.

Saba'in zuwa sama: wannan na 'ya'ya ne

Abin mamaki, tsofaffi sun fi kowa kwanciyar hankali da maganar shekaru. Abin da ke ci musu rai shi ne su zama kaya, a riƙa yanke shawara a kansu suna zaune. Dubi bambancin maganar nan biyu. "Baba, ka daina fita masallaci da asuba, za ka faɗi." Da kuma: "Baba, ga Sani zai riƙa raka ka da fitila, shi ma ya samu lada." Ta farko ta ƙwace masa abu, ta biyu ta ba shi jika. Inna da aka hana ta shiga kicin gaba ɗaya don ta huta, ƙarfinta ne zai tafi. A bar mata gyaran wake, tsinkar zogale, da ikon cewa miyar nan ba ta ji daddawa ba.

Faɗuwa ce babbar abokiyar gaba, domin ƙashin ƙugu in ya karye a wannan shekaru, da wuya a koma yadda ake. A sa fitila tsakanin gado da banɗaki. A kafa ƙarfen riƙewa a bango kusa da masai, a ajiye kujerar wanka, a kawar da tabarma mai naɗewa a bakin ƙofa, a canza silifas da gindinsa ya suɗe. Tsoho ya zauna a bakin gado na ɗan lokaci kafin ya miƙe, musamman mai shan maganin hawan jini. Yanar ido kuwa aiki ake yi a cire, ana yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos (JUTH) da sauran asibitocin ido. Kada a kai shi wajen mai tura yanar ciki da tsinke.

Sanyin Disamba da Janairu a Filato ba wasa ba ne ga tsoho, amma kaskon garwashi a rufaffen ɗaki ya fi sanyin haɗari. Gawayi na fitar da iska mai guba da ba ta da wari, mutum ya yi barci ya zarce. A ɗumama ɗakin da taga a buɗe, a fitar da kaskon kafin a kwanta, a ƙara bargo, safa da hula. A riƙa miƙa masa ruwa ko kunu mai ɗumi ko bai nema ba, don tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri.

Sai a rarrabe ruɗewa iri biyu. Wadda ke zuwa a hankali cikin watanni, ana maimaita tambaya, ana ɓata a hanyar gida, ciwon ƙwaƙwalwa ce. Ba maita ba ce, kuma gardama da mai ita ba ta da amfani. Wadda ta zo cikin kwana ɗaya ko biyu kuwa, Hajiya da ke lafiya jiya yau ba ta gane jikokinta ba, sau da yawa zazzaɓi ne, ko cutar mafitsara, ko suga ya faɗi, kuma ana warkewa in an yi sauri. In baki ya karkace, ko hannu ɗaya ya saki, ko magana ta sarƙe, a duba agogo a riƙe lokacin, kada a ɗura mata ruwa ko magani a baki, a nemi mota nan take.