Kurakuran ɗaukar hoton CT da ke ɓata binciken gashin ciwon daji

Na gaji da maimaita magana guda ga sababbin ma'aikatan da ake sakawa cikin binciken gwaji na gashin ciwon daji, wato ƙone cutar da haske mai ƙarfi (radiotherapy): na'urar gashi hoton da aka ba ta take bi, saboda haka dole jikin da aka ɗauka a CT, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki yanka-yanka, ya zama shi ne zai kwanta a kan gadon kowace rana har makonni biyar ko shida su cika. Wannan ba tsanani ba ne. A binciken TROG 02.02 na ciwon dajin kai da wuya, wanda aka buga a 2010, kashi 70 cikin ɗari na waɗanda aka yi wa gashi bisa ƙa'ida suna raye bayan shekara biyu, amma inda aka yi babban kuskure a tsarin gashin kashi 50 ne kawai.

Kuskuren da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne na mafitsara, musamman ga masu ciwon dajin bakin mahaifa. Idan an ɗauki hoto mafitsara cike, aka zo gashi babu komai a cikinta, mahaifa takan gusa da santimita ɗaya ko fiye, ƙananan hanji kuma su gangaro inda hasken yake sauka. Sai gudawa ta biyo baya, a rubuta ta a matsayin illar maganin da ake gwadawa, alhali sakacin ma'aikaci ne. Wani mataimaki ya taɓa karanta wa wata dattijuwa daga unguwar Nima a Accra umarnin shan ruwa da Turanci, ta ce "to" saboda kunya, ashe azumi take yi; da aka duba hotunan mako guda babu wanda ya dace da na farko, dole aka cire bayananta daga lissafi. Yaya za a ce mutum ya fahimta don kawai ya gyaɗa kai? Ni nakan zauna in ce da Hausa, "Mma, ki yi fitsari tukuna, ki sha rabin lita, ki jira minti 40, kullum haka," in kuma roƙe ta ta maimaita mini. Idan Ramadan ne, ina tuna mata cewa an yi wa marar lafiya rangwame, ta tambayi malaminta.

Na biyu shi ne tsara gashi da hoton da aka gano cutar da shi. Gadon wancan hoton lanƙwasasshe ne, na gashi kuwa shimfiɗaɗɗe, don haka kwanciyar ƙugu da baya ba ɗaya ba ce. Na san tausayi ne yake jawo wannan, domin wanda ya taso daga Bawku zuwa asibitin Komfo Anokye a Kumasi ko na Korle Bu a Accra kuɗin hanya ya riga ya cinye shi, amma a sake hoton, binciken kuma ya biya kuɗin.

Sauran gajeru ne. Idan mai ciwon wuya ya rame har takunkumin robar da ke riƙe kansa ya yi sako-sako, a sake hoto da tsari. Alamun alƙalami a fata sukan goge da wanka, ni ɗigon tawada mai zama na fi so. Kaurin yankan hoto kuma a bi abin da ƙa'idar binciken ta ce, yawanci milimita 2 zuwa 3. Kafin a tura hotuna ga masu tantancewa, a goge sunan marar lafiya daga cikin fayil ɗin DICOM kansa, wato fayil ɗin da ke ɗauke da hoton da bayanan marar lafiya, domin sauya sunan da ke saman fayil bai isa ba.