Sauya katakon da ya lalace a daɓen ɗaki: inda aikin ke ɓaci a Damagaram

Daɓen katako ba shi da yawa a Damagaram (Zinder), galibin gidaje siminti ne ko karo, wato tayil. Amma ana samunsa a wasu ofisoshi, da saman bene, da shagunan da aka ɗaga ƙasansu. Ƙarancin nasa ne ya sa kafintan da ya goge a ƙofa da gado da kabad yakan yi tuntuɓe idan aka ce ya cire katako ɗaya daga tsakiyar ɗaki ya sa sabo. Aikin kamar na rabin yini ne, amma in aka yi gaggawa, kafin shekara ta zagayo an sake kiran mai gyara.

Kuskuren farko shi ne sauya katakon ba tare da an nemo abin da ya ɓata shi ba. A nan abu biyu ne kusan kullum: gara da ruwa. Gara tana cinye cikin katako ta bar fatar sama lafiya lau, don haka ido kaɗai ba ya isa. Ɗauki guduma ka bi katakan da ke kewaye kana ƙwanƙwasawa a hankali. Wanda ya yi amo kamar ƙwarya, cikinsa ya tafi. Idan ka cire, duba sandunan da ke ƙasa da gindin bango, ka nemi siririyar hanyar laka da gara take ginawa. A karya ta, a share, a sa maganin gara na katako a sandunan da bayan sabon katakon. Wasu baƙin man mota suke shafawa. A cikin ɗaki kada a yi haka, domin warinsa ba ya fita, yana ratsowa sama ya yi tabo, kuma gam ba ya kama inda ya taɓa. Shi kuwa ruwa, wurarensa sanannu ne: gindin randa, ƙarƙashin na'urar sanyaya ɗaki, bakin ƙofar da feshin damina ke duka. In kana zargin simintin ƙasa ne ke tsatso, manna leda mai faɗin santimita 50 a kansa, ka rufe gefunanta huɗu da salatif, ka bar ta awa 24. Idan ka ɗaga ka ga raɓa ko wurin ya yi duhu, danshi na nan, kuma sabon katakon ma zai bi sawun tsohon.

Babban abin da ke kayar da mutane kuwa shi ne ɗanyen katako, kuma a nan ya kamata maigida ya fi sa ido. Katakon da ake sayarwa a garin nan daga kudu yake zuwa, ƙasashen daji masu laima, da yawa ta hanyar Kano. Yana iso mana da sauran ruwa a jikinsa ko da hannu ya ji shi a bushe. Katako kuma kamar soso yake, yana shan danshin iska yana saki. Inda danshin iska ya kai kashi 65 cikin ɗari, ruwan jikinsa yakan tsaya wajen kashi 12; inda ya sauka zuwa kashi 20, kamar yadda muke gani daga hunturu zuwa bazara, sai ya koma ƙasa da kashi 5. Tsawonsa ba ya canzawa sosai, faɗin ne ke motsi: katako mai faɗin santimita 10 yana iya raguwa da milimita 1 zuwa 2 tsakanin Agusta da Maris. Wanda ya sa ɗanye da damina, idan iskar hunturu ta kaɗa zai ga tsaga a gefe biyu har ƙasa na taruwa ciki. Wanda kuma ya matse busasshe ƙam a watan Afrilu bai bar masa wurin numfashi ba, da ruwa ya sauka zai kumbura ya ture maƙwabtansa, daɓen ya yi tozo. Maganin haƙuri ne. A kawo katakon cikin ɗakin da za a yi aikin, a kwantar da shi kan ƴan sanduna yadda iska za ta ratsa ta ko'ina, ya yi aƙalla sati biyu, fiye da haka in sabon yanka ne. Kada a shanya shi a rana don a yi sauri, zai murɗe ya tsage a baki. Kuma a tabbata tazarar milimita 10 zuwa 15 da ke tsakanin daɓe da bango tana nan, ba a cike ta da siminti ba.

A nemi irin itacen da ke ƙasa. In loko ne a sa loko, in madaci ne a sa madaci. Farin katako ya fi araha, amma yana da taushi, ƙafar kujera ma tana lotsa shi, kuma shi ƙwaro ya fi so. A auna kauri da faɗi a jikin guntun da aka cire, ba da ƙiyasi ba.

Wajen cirewa, kada ka cusa ƙarfe a tsakanin katako biyu ka ɓanɓara. Yawancinsu namiji da mace ne, harshen wannan yana cikin ramin wancan, kana ɗagawa za ka fasa leɓen lafiyayyen da ke kusa, gyaran katako ɗaya ya zama na uku. Manna salatif a gefen maƙwabtan don kariya. Saita zurfin zarton inji daidai kaurin katakon, kada ya wuce, saboda ƙasa akwai siminti, wani lokaci har da wayar lantarki ko bututun ruwa. Yi yanka biyu a tsawonsa, kowanne kamar santimita 2 daga gefe, ka tsaya kafin ka kai ƙarshe, ka ƙarasa da cizal. Ɗauke tsakiyar, sannan ka jawo gefunan zuwa cikin ramin da ya buɗe. Ɓangaren harshe ne ke da ƙusoshi, a bi shi sannu. Daga nan a kankare tsohon gam, a zare duk guntun ƙusa, a share ramin maƙwabcin tas. Tsakuwa ɗaya tak ta isa ta hana sabon zama, ya riƙa yin ƙara duk lokacin da aka taka.

Sabon katakon ba zai shiga da leɓɓansa duka ba, kuma duka da guduma ba ya sa shi shiga. Juya shi, ka yanke leɓen ƙasa na ɓangaren rami, ka ɗan fere ƙasan bakinsa. Sai ka soka harshensa cikin ramin na kusa a karkace, ka kwantar da ɗaya gefen. Gwada shi haka ba gam tukuna. In da yawa za a sauya a jere, kada bakunansu su haɗu a layi guda, a bar aƙalla santimita 15 tsakanin gaɓa da gaɓa, kuma inda daɓen ke kan sanduna, kowane baki ya sauka a kan sanda.

Gam kaɗan ya isa, a harshe da inda aka yanke leɓe. Wanda ya fito sama a goge shi nan take da ɗanyen tsumma, in ya bushe banish ba zai kama wurin ba. Itace mai tauri yana tsagewa idan aka buga masa ƙusa kusa da baki, don haka a fara huda rami da ya ɗan fi ƙusar siranta, a nutsar da kanta, a toshe da garin katakon da aka kwaɓa da gam. A ɗora buhun yashi ko bulo a kai, kada kowa ya taka sai bayan awa 24.

Saura launi, inda masu gida suka fi damuwa. Sabon loko rawaya-rawaya yake, haske ne ke mayar da shi ruwan ƙasa cikin ƴan watanni. Idan aka rina shi ya yi daidai da tsohon tun ranar farko, nan gaba zai fi kowanne duhu a ɗakin, gara a bar shi da ɗan haske. A goge da samfefa mai lamba 80, sannan 120, ana bin tsawon katakon ba a gicciye ba, kuma a rufe hanci domin ƙurar loko tana sa tari da ƙaiƙayi. Banish shafi biyu ko uku marasa kauri, kowanne ya bushe a ɗan goge kafin na gaba. Ranar da hazo ya rufe gari a dakata, ko a rufe taga da ƙofa a toshe ƙasan ƙofar da jiƙaƙƙen tsumma, in ba haka ba ƙura za ta zauna a kan ɗanyen banish, daɓen ya yi kaushi a tafin ƙafa.