Yadda Marubucin Littafin Yaƙi da Almara Zai Ci Moriyar Ra'ayin Masu Karatu

Wanda ya rubuta dogon labarin almara, irin mai ɗauke da masarautu da sadaukai da bokaye da aljanu, yana da wata matsala wadda marubucin labarin soyayya bai san ta ba, wato shi kaɗai ne ya taɓa shiga duniyar da ya gina. Idan aka rubuta cewa yarinya ta tashi daga Kawo za ta Kasuwar Barci, duk ɗan Kaduna ya riga ya ga hanyar a zuciyarsa, har da cunkoson da za ta tarar. Amma idan aka ce jarumi ya bar birnin matsafa ya nufi dutsen aljanu, mai karatu ba shi da komai a hannunsa sai abin da aka sa masa a takarda, kuma abin da marubuci ya manta bai rubuta ba, shi marubucin ba zai lura ba, domin yana ganinsa a cikin kansa. Saboda haka wajibi ne littafin ya bi ta hannun wasu mutane kafin ya je maɗaba'a.

Ka fara da zaɓen mutum 6, kuma kada su kasance duk marubuta, domin marubuci yakan karanta aikin ɗan'uwansa yana tunanin yadda shi zai rubuta shi. Ka nemi wanda ya ƙoshi da littattafan yaƙi tun yana yaro, da mace ɗaya ko biyu, da malami mai ilimin addini, da dattijon da ya yi karatun Hausa a makaranta, sannan ka ƙara da wanda ba ya son irin wannan labarin ko kaɗan, wanda zai karanta don kunyarka kawai. Ka bar mahaifiyarka da duk wanda yake cin arziki a hannunka, domin iyakar abin da za ka samu daga gare su shi ne "Masha Allah, Allah ya ƙara basira," addu'a ce mai kyau, amma ba ta nuna shafin da ke da rauni.

Ka buga musu littafi na ɗaya gaba ɗayansa a takarda, ka bar fili a gefen kowane shafi, ka ba su mako 2. Alama 3 kaɗai za ka roƙa: inda mutum ya ajiye littafin ya tashi, inda ya rikice har ya koma baya, da inda ya maimaita karatu don daɗi. Kada ka yi musu wani bayani da baki. Idan ka zana taswirar ƙasashen labarin, ka ba mutum 3, ka hana sauran 3. Taswira aba ce mai amfani, kuma shahararren littafin almara na marubucin Ingila Tolkien, The Lord of the Rings, wanda ya fito a juzu'i 3 tsakanin 1954 da 1955, da taswirarsa ya zo, amma ana so ka tabbatar cewa wanda bai gan ta ba ma ya san gabas da yamma daga cikin labarin kansa.

Ranar zama, ka samu wuri mai natsuwa, ko zauren gida ko inuwar bishiya a lambun Gamji, tsakanin La'asar da Magariba, matan kuma ka ji ta bakinsu a zama na dabam idan hakan ya fi musu sauƙin sakin jiki. Kada ka buɗe da tambayar "Yaya kuka ga littafin?" Ka zaɓi mutum ɗaya ka ce ya ba ka labarin daga farko zuwa ƙarshe kamar ba kai ka rubuta ba. A nan ne na sha mamaki a zamana na farko. Wani tela da ke ɗinki a Tudun Wada ya kwashe labarin tsaf, yana kwatanta saran takobi da hannu har hularsa ta karkace, amma ya tsallake shafi 40 na tarihin masarautu da salsalar sarakuna, wanda na yi wata guda ina tsarawa. Da na tambaye shi, sai ya ce, "Malam, ai na ga sunaye sun yi yawa, sai na yi ta buɗawa har na iske inda aka hau dawaki." Na duba takardun sauran, 4 daga cikinsu sun sa alamar ajiyewa a daidai wannan wuri. Abin da mai karatu ya manta wajen maimaitawa ya fi abin da ya yaba gaya maka gaskiya.

A wannan zama aikinka shi ne rubutu da shiru. Za ka ji an fahimci wani abu a baibai, bakinka zai yi ƙaiƙayi ka ce ai a littafi na uku za a gane dalili, to ka danne, domin ba za ka bi kowane kwafi zuwa gidan wanda ya saya kana yi masa bayani ba.

Idan ka koma gida sai ka rarrabe abin da ka tara, kuma ƙa'idar da za ka riƙe ita ce, mai karatu ya fi ka sanin inda labarin ya dame shi, amma kai ka fi shi sanin maganin. Idan ya ce tafiyar daji ta gundure shi, ka yarda. Idan ya ce a ƙara yaƙi biyu a cikinta, kada ka yi gaggawa, domin sau da yawa abin da ya rasa ba yaƙi ba ne, dalilin tafiyar ne ya ɓace masa. Akwai kuma ƙorafin da za ka karɓa baki ɗaya ba tare da musu ba, shi ne na saɓa dokar da kai da kanka ka kafa. Takobin da ya tsaga dutse a shafi na 30 bai kamata ya kasa yanke sarƙa a shafi na 200 ba, kuma jarumin da ke da aljani mai ɗaukarsa a sama ba shi da hujjar yin tafiyar wata 3 a ƙasa, sai idan ka faɗi abin da ya hana. Masu karatun littattafan yaƙi suna da tsananin lura da irin wannan, za su yarda maka da maciji mai kai 7, amma ba za su yafe maka mantuwa ba. Maganinsa shi ne ka ware littafin rubutu guda, kowane kayan sihiri ka rubuta abin da yake iya yi, da iyakarsa, da abin da mai shi yake asara duk lokacin da ya yi amfani da shi, haka ma nisan garuruwa da yawan rundunoni.

Fushi kuwa iri biyu ne, kuma rarrabe su yana buƙatar haƙuri. Ƙanwata ta zo ta dire min takardun ta ce, "Yaya, wallahi ba ka kyauta ba da ka kashe barden nan," ta yi kwana biyu tana ɗaure min fuska, amma a rana ta uku ta aiko a tambaye ni ko na gama littafi na biyu. Wannan fushin riba ce, kuma babban kuskure ne ka tayar da mamaci don ka faranta wa wani. Fushin da ke buƙatar gyara shi ne na wanda ya ce an yaudare shi, misali an kashe jarumi ta hanyar da ba a share mata fage ba, ko an kuɓutar da shi da wani taimako da ya faɗo daga sama. Tambayar da ke raba su ita ce ko mutumin yana son ci gaba.

Maganar addini da ƙabila tana buƙatar kunne na musamman. Aljanu da tsafi ba baƙi ba ne a adabinmu, tun Ganɗoki na Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, waɗanda suka fito daga gasar da aka shirya a Zariya a 1933, don haka ba sai ka tsorata da su ba. Abin da za ka tambayi malamin shi ne ko akwai inda labarin ya ba boka ko gunki ikon da na Allah ne kaɗai, ko ya sa sanin gaibu a bakin wani ba tare da an nuna ƙaryarsa ba. Sannan ka tuna cewa Kaduna gari ne da Musulmi da Kirista da ƙabilu masu yawa suke karanta Hausa, kuma garin ya ɗanɗana abin da ƙiyayya ke haifarwa. Idan wani ya ce maka mugayen mutanen labarinka sun yi kama da wata ƙabila ta zahiri a sunayensu ko tsagarsu ko shigarsu, ka canza, ko da mutum ɗaya ne ya faɗa, ko da kuwa ba ka yi da niyya ba.

Wanda ya ce labarin ya yi masa kama da fim ɗin waje, yawanci kaya ne suka tona asiri, sai ka duba ko mayaƙanka suna da lifidi da sulke da kwalkwali, ko birninka yana da ganuwa da ƙofofi, ko ana busa kakaki idan sarki zai fito.

Kada ka taɓa rubutun sai bayan mako guda, lokacin da zafin suka ya huce. Inda mutum 3 ko fiye suka yi tuntuɓe a wuri ɗaya, gyara ya zama dole, inda kuwa mutum ɗaya ne ya yi magana, ban da batun addini da ƙabila, ka rubuta ka ajiye har ka ji daga wasu. Idan ka gama gyara, kada ka mayar wa mutanen farko, domin sun riga sun san hanya, ba za su sake ɓata ba. Ka nemi sababbin mutum 2 ko 3, ka ba su da sharuɗɗan nan na alama 3, kuma kafin su dawo da shi ka tabbata daftarin littafi na biyu ya kammala, domin gyaran da suka jawo a na ɗaya yakan tilasta canza wani abu a na biyu, abin da ba zai yiwu ba idan na ɗayan ya riga ya shiga kasuwa.