Yadda Ake Kare Ƙarfe Daga Tsatsar Ruwan Gishiri

Duk wanda ya tashi a Kano ko Damagaram ya koma Legas ko Kwatano da zama, ba ya daɗewa zai lura cewa ƙyauren ƙarfe da kwanon rufin da kan yi shekara da shekaru a arewa ba sa jimawa a bakin teku. Ƙarfe ba ya yin tsatsa sai ruwa da iskar oksijin sun haɗu a jikinsa, kuma haɗuwar tasu aiki ne na lantarki mai rauni, inda wani sashen ƙarfen ke narkewa, ruwan da ke kwance a kai kuma ya zama hanyar da lantarkin ke bi. Ruwan teku yana ɗauke da gishiri kimanin giram 35 a kowace lita, saboda haka lantarki ya fi samun hanya a cikinsa fiye da ruwan famfo nesa ba kusa ba. Bugu da ƙari, gishirin da iska ta ɗebo ta sauke a kan ƙarfe yana jawo danshi, sai ƙarfen ya zauna a jiƙe ko da ido yana ganinsa a bushe.

Don haka aikin farko shi ne wanki, kuma a nan ne mafi yawan mutane ke kuskure. A wanke ƙarfen da ruwan daɗi mai yawa, a kula musamman da lungunan da ruwa ke maƙalewa, wato wurin walda, ƙarƙashin noti, da inda falle biyu suka hau juna, sannan a bar shi ya bushe sarai. Wanda ya shafa fenti a kan gishiri ya rufe cuta ne a ciki, domin danshi zai ratsa fentin ya iske gishirin, ba da jimawa ba fentin ya kumbura ya ɓare. A ganina, kuɗin fentin da aka shafa ba tare da wanki ba asara ce tsantsa.

Bayan ya bushe, a kankare tsatsar da burushin waya, a bi da samfefa har sai hasken ƙarfen ya fito, kuma a shafa jan fentin nan da masu walda ke fara shafawa tun a ranar, kada a bari ya kwana tsirara. Idan wannan ya bushe sai a bi da fentin mai, a shafa shi sau biyu. Sarƙa, kwaɗo da maratayin ƙofa kuwa, giris ya fi dacewa da su.

Wajen sayen sabon kaya, a nemi ƙarfen da aka tsoma a narkakkiyar tutiya, wato zinki, a zafin da ya kai kimanin digiri 450 a ma'aunin Celsius. Tutiya tana riga ƙarfe lalacewa, saboda haka ko an ƙarce ta, tana ci gaba da kare wurin da ya buɗe, kuma da wannan dabarar ake liƙa dunƙulen tutiya a jikin jiragen ruwa, dabarar da masanin kimiyyar nan na Ingila, Humphry Davy, ya gwada wa jiragen yaƙin Ingila a 1824. Ƙarfen da ake cewa ba ya tsatsa ma iri-iri ne: samfurin 304 yakan yi ƙananan ramuka a iskar teku, alhali 316, wanda aka sa wa wani ƙarfe mai suna molibdinam kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari, ya fi juriya. Kada kuma a haɗa jan ƙarfe da baƙin ƙarfe a wuri mai laima, domin baƙin ne tsatsa za ta cinye.

Magina su guji yashin bakin teku da ruwa mai gishiri wajen kwaɓa kankare, domin tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, kuma idan rodi ya kumbura daga ciki sai ya tsaga ginshiƙi. Mai sayen mota 'yar Beljiyam kuwa, ko a Kano yake, ya sa makaniki ya leƙa ƙarƙashinta da tocila, musamman idan daga Kanada ko arewacin Amurka ta fito, inda ake watsa gishiri a tituna lokacin ƙanƙara. A ƙwanƙwasa ƙarfen ƙasan da guduma, a duba bututun birki sosai kafin a biya kuɗi.